Gidan Madam

Ku yaran nan da kuke zama a dakalin ƙofar gidana kuna cewa mai gidan haya ba shi da aiki sai miƙa hannu ƙarshen wata, ina jin ku, ban kurmance ba tukuna. Rannan har wani cikinku yake cewa in ya samu kuɗi zai jera ɗakuna a Sabon Gari, ya shafa fenti, ya kwanta. Na dube shi kawai, yaron da bai san bambancin yaɓe da daɓe ba. To bari in ba ku labarin aikin, tunda a cikinsa na yi furfura. Na daɗe ina gyara gidajen mutane ina nema musu 'yan haya a nan Kaura kafin Allah ya ba ni nawa.

Aikin farko da Kawu Labbo ya sa ni shi ne yasar kwata. Ƙanin mahaifiyata ne, magini, kuma shi ke kula da gidajen haya na wajen tashar jirgin ƙasa. Na zo masa ina tsammanin zai miƙo mini cokalin gini, sai ya ba ni guntun ƙarfe da tsohon bokiti, ya nuna mini magudanar wani gida da ta toshe tun damina. Na ɓata rai. Ya ce, "Kai Mamman, mai biɗar haya wari shika fara ji kahin shi ga ɗaki. In kwata na wari, dut sauran aikinka banza na." Na yashe ta ina tofar da yawu, shi kuma yana zaune a inuwa yana cin goro.

A hannunsa na koyi sauran. Na koyi ƙwanƙwasa azara da ƙotar guduma in ji ko gara ta cinye cikinta, domin azarar da gara ta ci daga waje lafiya lau take. Na koyi jiƙa makuba a shafa wa soro don kada ruwa ya ratsa, da daidaita indararo ya zubar nesa da gindin bango. Na koyi cewa ba a haƙa masai yana fuskantar alƙibla, kuma ba a fasa taga inda za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ko da ɗakin zai zama duhu. Kayan aikinmu ba su da yawa: tsani, cebur, cokali, kwanon ɗaukar ƙasa, farar ƙasa da buroshin kaba. Abin da ya fi su duka wuyar samu shi ne sanin mutane. Maigida ne zai zo duba gida, ya buga bango, ya kunna fitila, ya yi ta cika baki. Amma ba shi ke yanke magana ba. Zai koma ya kwatanta wa matarsa, ita kuma abu uku za ta tambaya: ina za ta kafa murhu, ina za ta yi shanya, ina ruwa. In ba ka shirya wa waɗannan amsa ba, gobe ba za ka gan shi ba.

'Yan haya kuwa na ga iri-iri. Ma'aikatan jirgi masu tsafta ne amma ba sa daɗewa. Fataken hatsi kan mai da ɗaki rumbu, su bar maka ɓera. Ɗaliban Foli kuwa ban san abin da bango ya yi musu ba, duk inda suka ga fili sai sun buga ƙusa.

Shekarar da aka yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato, sana'armu ta yi daraja. Ma'aikata suka kwararo, Gusau ta cika, har wasu suka gwammace su zauna Kaura suna zuwa aiki suna dawowa. Na ga mutumin da ya kori awakinsa daga ɗaki, ya watsa farar ƙasa, ya sa ɗan haya kafin warin fitsarin ya fita. A lokacin kowa gwani ne. Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da shari'a, muka yi murna kamar kowa, aka rufe gidajen giya. A nan ne na gamu da aikin da ya fi ƙarfin cokalina.

Gidan na yayata ne, Hajara, wadda nake bi. Mijinta falken hatsi ne, ya sayi wani gida a Sabon Gari da 'yar haya a ciki, wata mata 'yar Kudu da ke sayar da giya da farfesu. Kowa Madam yake ce mata. Gaskiya ita gaskiya ce, ban taɓa kula da gidan da ake sharewa kamar nata ba, kuma ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Mijin Yaya ya rasu, aka raba gado, gidan nan ya faɗo rabon 'ya'yanta, marayu ƙanana. Da shi suke ci, da shi suke sutura. Ita Yaya tana zaune a babban gidan dangin mijinta a cikin gari, tana koya wa matan aure karatun Alƙur'ani. Ta je Makka tun mijinta na da rai. Ko hanyar Sabon Gari ba ta sani ba.

Da doka ta zo, Madam ta haɗa kayanta a bayan babbar mota, ta miƙa mini makullai, ta ce in gai da Hajiya. Gida ya zama kango. Ku kuwa ba ku sani ba, ginin ƙasa in babu mutum a ciki ba ya jure damina. Ba mai ganin ɗigo ya tara kwano, ba mai buɗe kwata in ta toshe, ba hayaƙin da zai kori gara. Damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kwantar da shi. In ya kwanta, marayun nan ba su da komai.

Na shiga gyara da ƙarfina. Na fasa kantar siminti da ake jera kwalabe a kai, na kwashe fasassun kwalabe da suka nutse a ƙasar tsakar gida, na tone daɓen babban ɗakin gaba ɗaya, domin giya ta jiƙa shi shekara da shekaru, ko an wanke sai tsamin ya taso da rana. Na zuba sabuwar ƙasa na daɓe, na zuba siminti. Hotunan 'yan rawa da aka zana a bango na kankare su da cokali, na shafe da farar ƙasa har sai da suka daina leƙowa. Ɗakunan baya na haɗa su biyu-biyu, ciki da falo. Na gina madafa, na ɗaura igiyar shanya, na yashe rijiya. A bakin ƙofa daga ciki na ta da 'yar katanga, yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Da na gama na tsaya a tsakiya na duba, na ce ko ni na samu wannan gida na gode Allah.

Mutane suka fara zuwa dubawa, domin har lokacin ana neman gida ido rufe. Kowa ya shiga sai ya yaba, ya ce zai dawo. Ba mai dawowa. Abin ya ɗaure mini kai. Na sake bin kwata, na sake shinshina ɗakuna, ban ji komai ba. Sai da wani malamin firamare ya ji tausayina ya faɗa mini gaskiya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Mamman, gida ya yi. Amma in surukina ya sauka tasha, mi za ni ce mai shi hwaɗa ma ɗan kabu-kabu?"

Sai a nan na gane. Mu nan ba a kwatance da lambar gida. Ana cewa bayan gidan wane, kusa da injin wane. Wannan gida kuwa shi kansa abin kwatance ne. 'Yan kabu-kabu, 'yan garuwa, masu kai itace, har almajiran tela, kowa Gidan Madam ya sani. Duk layin ma da shi ake kwatanta shi. Mutumin da ya kawo iyalinsa nan, duk wanda ya tambaye shi inda matarsa take, sai ya ce tana Gidan Madam. Na yi wata da watanni ina kankare bango, ashe abin da ke korar mutane yana bakin jama'a, inda buroshina ba ya kaiwa.

Ana gab da faɗuwar ruwa sai Allah ya kawo Malam Bashiru. Magatakardan kotu ne da aka turo daga wajen Shinkafi, ɗan gidan malamai, matashi mai natsuwa. Ban ɓoye masa komai ba. Ya saurare ni ya yi murmushi ya ce, "Bango bai shan giya, Malam. Wanda yat tuba ma ana karɓa tai, balle ƙasa da azara." Na ji kamar in goya shi. Ya kawo matarsa da jaririnsu suka tare a sashen baya. Na aika wa Yaya albishir, ta aiko masa da ƙwaryar fura.

Ranar da abin ya faru ina kan soron gidan ina gyara indararo. Ranar kasuwa ce, da hantsi, Malam Bashiru yana wurin aiki. Na yi sallama tun da safe na nemi izinin hawa, na kuma juya wa tsakar gida baya kamar yadda aka koya mini. Ina cusa ƙasa a gindin indararo sai na ji fito. Wani ne ke fito, kuma ba daga titi ba, daga cikin gida. Na waiga.

Wani ƙaton direban babbar mota ne, tawul a wuya, makullai na lilo a yatsa. Bai yi sallama ba, don bai taɓa yin sallama a wannan ƙofa ba. Ya kewaye 'yar katangar da na gina kamar ba ta nan. Matar Malam Bashiru tana durƙushe bakin rijiya tana wanki, ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, cikin gidanta. Mutumin nan ya ja turmi ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya dube ta ya ce, "Sabuwa ce ke? Kawo mini mai sanyi, ki ce wa Madam na iso."

Ban san lokacin da na diro daga soron ba, tsanin ma ban bi ba. Ita kuwa ko ihu ba ta yi ba. Ta tsaya da kumfa a hannu tana kallonsa, sannan ta shige ɗaki da gudu ta danna sakata. Na cakumi mutumin nan na fitar da shi waje. Abin da ya ƙara gigita ni, shi ma a gigice yake. Daga nesa yake zuwa ɗaukar hatsi, rabonsa da Kaura tun kakar bara. Ya ji labarin shari'a a rediyo, amma da ya ga sabon fenti sai ya ɗauka Madam ce ta gyara wuri. Ya yi ta rantsuwa yana ba da haƙuri. Me haƙurinsa zai gyara?

Malam Bashiru ya dawo da azahar. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba laihinka ba na, ka hwaɗa man gaskiya. Ni na ɗauka bango ɗai na. Ashe akwai ƙahwahun da sunka saba." Kafin la'asar an ɗora kayansu a kura. Kafin magariba duk Kaura ta ji.

Na toshe tsohuwar ƙofar da tubali, na fasa sabuwa ta gefen lungu. Bai hana ba. Masu tsohuwar ƙafa suna zuwa, su ga bango, su tambayi yara, yara su nuna musu lungu suna dariya. Mai neman haya kuwa ko leƙe ya daina. Ruwa ya sauka. Ina zuwa kullum in buɗe ɗakuna, amma mutum ɗaya mai zuwa ya tafi ba ya riƙe gida. Ɗakin kusurwa ya fara tsagewa daga sama, wata safiya na tarar da rabin rufinsa a ƙasa. Ƙannen mijin Yaya suka ce a sayar kawai a huta da abin kunya. Wanda ya zo saye ya ce shi fili zai saya, ba gida ba, filin ma na wulaƙanci.

Na je na sami Yaya a ɗakinta bayan ɗalibanta sun tashi. Na ce mata na yi iyakar abin da na iya, sana'ata ta ƙare a nan. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Mamman, ɗakin da yaf fi lahiya ciki, wane na?" Na ce na kusa da sabuwar ƙofa. Ta ce, "Share man shi. Jibi ni ka tarewa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Yaya, Gidan Madam fa." Ta ce, "Gidan ɗiyana na. In ni ban iya zama cikinai ba, da wane baki za ni ce ma matar wani ta zauna?"

Ba a taɓa tashin hankali a danginmu kamar na wannan mako ba. Ƙannen mijinta suka ce ta zubar musu da mutunci, babbansu ya rantse ba zai taka inda take ba, kuma bai taka ba. Wasu mazan suka hana matansu bin ta karatu. Ni kaina na roƙe ta, na ji kunya, na ji tsoro. Ta naɗe tabarmarta da Alƙur'aninta da tukwanenta, ta kama hannun 'ya'yanta, ta tare.

Ba ta shige ciki ta ɓuya ba. Ta sa na yi mata rumfar zana daga cikin ƙofa, daidai inda duk mai shigowa sai ya ci karo da ita. Nan take wuni cikin hijabinta, da 'yan ɗaliban da suka rage mata suna biya karatu da ƙarfi. Ina nan ina ɗora sabuwar azara a ɗakin da ya rufta ranar da na farko cikin masu tsohuwar ƙafa ya zo. Wani ɗan kamasho ne, ya sako kai yana cewa, "Madam tana ciki?" Na ajiye guduma zan sauko. Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta dubi mutumin nan ta saman tabarau, ta ce, "Ga ni. Ni ta Madam. Mi kaka so?"

Na ga babban mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi allunan, ya dubi tsohuwar, ya cire hula ya mayar, ya durƙusa ya gaishe ta, ya fita da baya. Ta bi shi da murya, "In ka koma ka hwaɗa ma sauran, Madam na nan, karatu aka yi." Yaran layi suna bakin ƙofa, sun ji komai.

Haka ta yi wa duk wanda ya zo, ba ta taɓa cewa Madam ta tashi ba. Na tambaye ta dalili, ta ce in ta ce ta tashi za su ci gaba da zuwa duba ko ta dawo. Kafin kaka tsohuwar ƙafa ta ɗauke. Matan Sabon Gari da ba su da makaranta kusa suka fara shigowa da allunansu. Wani ma'aikacin asibiti ya zo ya ce ya ji akwai gidan da wata Hajiya ke tsaron ƙofa, ko kaza ba ta shiga sai da sallama, yana son ya sa iyalinsa a nan don yana yawan kwana wurin aiki. Bayansa wani ya zo. Kafin wata damina babu ɗakin da ba hayaƙi, har ana yi mini kamun ƙafa. Marayun nan a gidan suka girma, da hayarsa suka yi karatu.

Sunan gidan bai canza ba, har yau Gidan Madam kuke ce masa, kuna tsammanin wata tsohuwar malamar boko ce ta gina shi. Abin da ya canza shi ne wadda ake nufi. Yara suka fara kiran Yaya da Madam, da tsokana, sannan 'yan garuwa, sannan 'yan haya, sannan ɗalibanta da bakinsu na ladabi. Matar da ba ta taɓa ganin kwalbar giya a buɗe ba. Na yi faɗa da mutane a kan haka har na gaji. Ita kuwa amsawa take yi. Ba ta sake komawa cikin gari da zama ba, dangin mijinta ma ba su neme ta ba.

A wannan ɗaki na kusa da ƙofa ta rasu. Jama'ar da ta taru ba ta da iyaka, lungu ya cika har titi, yawancinsu 'yan haya ne na da da na yanzu da mazan ɗalibanta. Aka fito da ita aka ajiye, aka yi sahu. Limamin unguwa, wanda ya yi shekaru yana gaishe ta kullum, ya juyo zai sanar da wadda za a yi wa salla. Sai na ga ya tsaya. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Jama'a, mi as sunan Madam na yanka?"

Mutanen da suka kwana a ƙarƙashin rufinta suna duban juna. 'Ya'yanta suna can gefe suna kuka, ba su ji ba. Na matsa kusa da liman.

Na ce, "Hajara. Sunanta Hajara."